Zoben baiko mai daimon ƙirar ƙwai: a saya, ko a zuba kuɗin a zinariya?

Mutari: Assalamu alaikum jama'ar gida. Ina neman shawarar waɗanda suka san kan abin. An sa mana rana bayan babbar salla, in Allah Ya kai mu. Yarinyar ta taɓa nuna mini hoton wani zobe a wayarta, mai dutsen daimon guda ɗaya, ba zagayayye ba, mai ɗan tsawo, ƙirar ƙwai. Ba ta ce in saya ba, amma kun dai san yadda abin yake. Na ware jaka 900, wato sefa dubu 900, ban da kuɗin lefe. Akwai abokina da zai je Dubai sarin kaya wata mai kamawa, shi nake so in ba wa saƙon. Me zan ce mishi ya duba? Ni ko taɓa daimon ban taɓa yi ba.

Ɗan Magarya: Jaka 900 a yatsa ɗaya! Mutari, ka dai tabbata ka biya kuɗin haya tukuna.

Nana Hadiza: Kai Ɗan Magarya ba ka rabo da tsiya. Allah Ya sanya alheri Mutari. Ta iya zaɓe walle, ƙirar ƙwai tana ƙara wa yatsa tsawo, kuma ita ake yayi yanzu.

Hajiya Rabi: Wa alaikumus salam. Allah Ya sa a yi da mu. Ɗana, ni zinariya nake saye da sayarwa tun kana goye, don haka ka ji tawa kafin masu boko su iso. Kuɗin nan in ka zuba su a zinariya karat 21, ranar da larura ta taso, ko haihuwa ko ciwo, matarka za ta ƙulle abarta a bakin zane ta je wajen mai awo, a ɗora a sikeli, a ƙirga mata kuɗinta kafin la'asar. Wani lokacin ma ta samu fiye da yadda aka saya. Daimon fa? Ka shiga da shi Kasuwar Dole ta nan Damagaram ka ga wanda zai taya. Mai sayen zinariya ɓalle dutsen zai yi ya miƙo maka, ya auna ƙarfen kaɗai. Na sha ganin mata sun zo mini da zoben da aka kashe wa kuɗi mai yawa, in auna in ga giram biyu da ɗoriya. Kunyar faɗa musu farashin nake ji.

Nana Hadiza: Tanti, ai ba komai ake saye don a sayar ba. Atamfa da leshin da ke cikin lefe, su ma in aka kai su kasuwa ba sa mayar da kuɗinsu, amma ba wanda ya ce a daina sa su.

Hajiya Rabi: Atamfa ba ta kai jaka 900 ba ƴata.

Isuhu: Barkanku da yamma. Ni a Antwap nake zaune, ta ƙasar Beljiyam, kuma unguwar masu daimon tana dab da babbar tashar jirgin ƙasa, nan nake bi kullum, na kuma yi aikin kai saƙo a cikinta. Maganar Hajiya kan sayarwa gaskiya ce, ko a nan wanda ya sayi zobe a kanti ya dawo da shi ba ya samun kuɗinsa. Amma tunda Mutari tambayar zaɓe ya yi, bari in faɗi abin da na sani.

Nauyin daimon da karat ake auna shi, kuma ba karat ɗin zinariya ba ne. Karat 1 na daimon giram 0.2 ne kawai. Zagayayye mai karat 1 faɗinsa wajen milimita 6.5 ne, mai ƙirar ƙwai kuwa mai nauyi ɗaya da shi yakan kai wajen 7.7 a tsawo da 5.7 a faɗi. Shi ya sa yake cika yatsa ya fi kama da babba, kuma yawanci ya fi zagayayyen sauƙin kuɗi don ba a asarar ɗanyen dutse da yawa wajen yanka shi. Irin yankan nan na zamani wani mai suna Lazare Kaplan ne ya fito da shi a ƙarshen shekarun 1950.

Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Kusan duk daimon mai ƙirar ƙwai yana da wata inuwa a tsakiyarsa, ta gitta shi daga gefe zuwa gefe, siffarta kamar malam-buɗe-littafi ya buɗe fukafukai. A wani dutsen ƴar kaɗan ce, in ka juya shi sai ta wartsake ta yi walƙiya. A wani kuma baƙa ce wuluk, duk yadda ka juya tana nan, ta kashe tsakiyar dutsen. Wannan inuwar ba a rubuta ta a takarda. Takardar GIA ma ba ta ba da makin kyawun yanka sai ga zagayayye, mai ƙirar ƙwai gogewa da daidaiton ɓangarori kaɗai take faɗa. Ma'ana ido ne zai yi aiki. Abokinka ya ɗauko maka bidiyo yana juya dutsen a hankali, kuma ba ƙarƙashin fitilun kanti ba. Fitilun nan an jera su ne don ko kwalba ta yi ƙyalli. Ya matsa bakin ƙofa inda hasken rana yake.

Mutari: Yaya Isuhu Allah Ya saka da alheri. Ashe da sauran aiki. Ita takardar GIA ɗin mece ce?

Isuhu: Wata cibiya ce a Amurka, tun 1931 take, ita ta tsara ma'aunin da duniya ke bi wajen tantance daimon. Akwai kuma IGI da aka kafa nan Antwap a 1975. Ba sa sayar da dutse, dubawa suke yi su rubuta abin da suka gani: nauyi, launi, tsabtar ciki, da awon tsawo da faɗi. Kowace takarda da lambarta, kuma galibi ana zana lambar da leza a ƙugun dutsen, ba ta ganuwa sai da madubin ƙara girma. Abokinka ya sa mai kanti ya nuna mishi lambar a jikin dutsen, ya turo maka, ka shiga shafinsu a intanet ka buga ta ka ga ko bayanin ya yi daidai. Takardar da kantin ya buga da kansa mai tambarinsa, wannan rasit ne kawai.

Launi daga D ake farawa, shi ne fari tas, a gangara har Z mai ruwan ɗorawa. Kada ka biya kuɗin D. G ko H ya wadatar, in kuma a jar zinariya za a ɗora shi har I yana wucewa, don ƙarfen ma zai ba shi launinsa. Sai dai ƙirar ƙwai tana tara launi a bakunanta biyu, can za a duba. Tsabtar ciki kuma ita ma da matakanta, ka nemi VS2 ko SI1 mai kyau, wato mai ƴan ƙananan tabo a ciki da sai da madubi ake ganinsu, abin da ido bai gani ba ba sai ka saya ba. Sannan ka raba tsawon da faɗin. In ya ba ka tsakanin 1.3 da 1.5, nan yawancin mutane suke so. Ƙasa da haka ya zama kamar zagayayyen da bai daidaita ba, sama da haka ya sirance. Abu na ƙarshe, farashi yana tsalle daidai kan karat 1 cif. 0.90 ya fi sauƙi sosai, kuma ba mai gane bambancin a yatsa.

Ɗan Magarya: D, G, H, VS2. Wannan aure za a yi ko jarabawar BEPC?

Zeinabu: Ni dai abin da zan ƙara, a duba abin da ke riƙe dutsen. Nawa zoben mai ƙaramin dutse ne, farata huɗu ke riƙe da shi, an ɗaga shi sama sosai. Kullum sai ya kama mini mayafi, ya ja zaren leshi. Ranar nan ina wanki, na matse zanen gado na shanya, ina duba hannu sai rami. Mun tace ruwan bahon da rariya, mun tone yashin tsakar gida, ba mu gan shi ba har yau. Kafin nan na lura farce ɗaya ya ɗan buɗe, maigidan ya ce zai kai a gyara, ana ta gobe gobe.

Lawali maƙeri: Sannu Zeinabu, irin wannan aikin yana zuwa mana a kai a kai. Bari in sa baki tunda an zo fagena. Hajiya tana maganar karat 21, kuma ita ce zinariyar da matanmu suka sani, ta Makka da ta Dubai, mai hatimin 875. Amma tana da laushi. In ka yi farata da ita ka ɗora dutse mai tsada, yau da gobe sai sun buɗe. Zoben dutse da karat 18 ake yi, mai hatimin 750, ta fi tauri. Ga mai ƙirar ƙwai ni farata shida nake so, a samu ɗaya a kowane baki, don in huɗu ne ɗaya ya saki, dutsen ya tafi. Wanda ya fi duka kwanciyar hankali shi ne a zagaye ƙugun dutsen da siririn ƙarfe gaba ɗaya, ba farce ko ɗaya. Yana ɗan rage mishi walƙiya ta gefe, amma ba ya kama tufa, kuma yana kare shi. Mutane suna jin an ce daimon ya fi komai tauri sai su ɗauka ba ya fashewa. Ba abin da ke karce shi dai sai wani daimon, amma in gefensa ya daki bakin turmi ko ƙarfen gado da ƙarfi, yana ɓantarewa. Matar da za ta tuƙa tuwo, ta yi daka, ta ja guga, a zaunar mata da dutsen ƙasa ƙasa.

Farar zinariya kuma ku sani wanka ake yi mata da wani ƙarfe, rodiyom. Yana gogewa a hankali ta fara komawa ruwan ɗorawa, sai an sake mata. Ni a nan ba ni da kayan yin wannan, don haka ga mazaunin Damagaram ja ta fi sauƙin riƙo.

Nana Hadiza: Amma Baba Lawali, wanda aka zagaye da ƙarfe bai kai mai farata kyau a hoto ba gaskiya.

Lawali maƙeri: Hoto rana ɗaya ne ƴata.

Mutari: To Yaya Isuhu, kuɗin nawa za su kai karat 1 ɗin ma kuwa?

Isuhu: In na ƙasa ne wanda aka haƙo, mai kyau da takarda, a'a. Wannan maganar miliyoyin sefa ce. Da kuɗinka sai dai ƙarami, ƙasa da rabin karat wataƙila, bayan an cire kuɗin zinariya da aiki. Amma akwai wanda ake haɗawa a masana'anta. Ba jabu ba ne, daimon ne na gaske, sinadarinsa ɗaya, taurinsa ɗaya, walƙiyarsa ɗaya, ko gwani ba ya raba su da ido sai da na'ura ta musamman. Sin da Indiya suna yin sa da yawa, kuma farashinsa ya faɗi ƙwarai a ƴan shekarun nan, sau da yawa ba ya kai rabin rabin na ƙasa. Da shi za ka samu karat 1 har kuɗi su yi saura. Takardarsa tana faɗa ƙarara cewa na masana'anta ne, kuma ana rubutawa a ƙugunsa. Illarsa, in ka tashi sayarwa kusan ba ka da komai.

Hajiya Rabi: To ka ji. Na ƙasan ma da ƙyar, balle wanda ake toyawa a inji.

Isuhu: Hajiya ai hujjarki ce ta sa nake ganin na masana'antar ya fi mishi. Tunda duka biyun ba ajiya ba ne a Damagaram, gara ya yi asarar kaɗan da ya yi asarar da yawa. Wanda nake tsoro shi ne a ba shi mowasanait a ce daimon ne. Wani dutse ne daban, mai arha sosai, yana da tauri ƙwarai, kuma ƴar na'urar nan mai kamar biro da ake dangwala wa dutse ta yi ƙara, tsohuwar irin, yana ruɗinta don zafi take aunawa. Ana gane shi da walƙiya mai launuka da yawa fiye da kima, kuma in aka leƙa ta madubi a karkace sai a ga layukan cikinsa bibbiyu. In mutum ya saye shi da saninsa a farashinsa, ba laifi. Abokinka dai kada ya sayi komai a hannun masu tare mutane a hanya cikin kasuwar zinariya ta Dera a can Dubai, ya shiga kanti, ya karɓi rasit mai lambar takardar.

Malam Sha'aibu: Assalamu alaikum. Na ga muhawara ta yi nisa ba a taɓo wani gefe ba. Zoben baiko ba ya cikin sharuɗɗan aure, kuma ba al'adarmu ba ce. Mu abin da muka gada shi ne na-gani-ina-so, gaisuwar iyaye, goro da alawa a sa rana, sai sadaki da lefe. In Mutari ya ba ta a matsayin kyauta, halal ne, zinariya da duwatsu ado ne da aka halatta wa mata. Abin da za a kiyaye, kada a ƙudurta cewa zoben ne ke riƙe aure, kada kuma a tara jama'a ya kama hannunta ya zura mata alhali ba a ɗaura ba. Ya ba ƙanwarsa ko gwaggonsa ta kai. Shi kuma namiji ba ya sa zinariya, sai azurfa. A hadisin Sahlu ɗan Sa'ad da ke cikin Buhari da Muslim, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa mai neman aure ya nemo ko da zoben ƙarfe ne. Sauƙi ake so. Ina jin tsoron kada wannan ma ya zama wajibi a kan talaka, kamar yadda akwatuna suka zama.

Nana Hadiza: Malam, to in aka fasa fa, Allah Ya kiyaye, zoben na wa?

Malam Sha'aibu: Abin da malamanmu na Malikiyya da dama suka tafi a kai, in shi ya janye ba ya karɓar kyautarsa, in daga wajenta ne yana iya nema, sai in akwai sharaɗi ko al'adar gari da ta saɓa. Shi ya sa ya kamata tun farko a fayyace, kyauta ce ko cikin sadaki take. In cikin sadaki ne a faɗa gaban shaidu.

Abdu Birni: Ni ina tare da Malam. Su kansu Turawan ba haka suka taso ba, talla ce ta yaɗa abin. Kamfanin De Beers ne a 1947 ya fito da taken cewa daimon na har abada ne, su ne kuma suka dinga cusa wa samari cewa albashin wata biyu ya kamata zobe ya ci. Mu ƙasarmu zinariya muke da ita, tun 2014 samarinmu nawa suka tafi Jado haƙarta? Ga maƙeran azurfa na Agadas, ga ƙirar Damagaram tamu ta kanmu. Sai mu kwashi kuɗi mu kai wa wanda ya haƙo a Botsuwana, aka yanka a Surat ta Indiya, aka sayar a Dubai, kowa ya ci ribarsa a kanmu.

Nana Hadiza: Abdu, wayar da kake rubutu da ita a Birni aka ƙera ta? Duk kun yi magana, Malam, Tanti, maƙeri, har da tarihi, ba wanda ya ce a tambayi mai yatsan. Wataƙila ita dutsen take so ko da ƙarami ne. Wataƙila kuma in aka ce mata ga zobe ga warwaro ta zaɓa, ta ɗauki warwaro. Kuma in na masana'anta za a saya, a faɗa mata gaskiya tun yanzu. Kada ta je gidan biki tana cewa na ƙasa ne wata ta ƙaryata ta.

Zeinabu: Wannan gaskiya ne. Kuma a tuna da uwarta. Ranar da aka kai kaya, ƴan ganin lefe ɗaga sarƙa suke yi a tafin hannu su ji nauyi. Ba wadda za ta tambayi VS2.

Ɗan Magarya: Gwaggona ma cizawa take yi.

Mutari: Jama'a na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Ga inda hankalina ya karkata. Zan sa ƙanwata ta bugi cikinta ta ji. In zoben take so, zan ce wa abokina ya nemo na masana'anta, tsakanin 0.70 da 0.90, a jar zinariya karat 18, farata shida, da takardar IGI ko GIA, kuma ba zai biya ba sai na ga bidiyo. Abin da ya rage in kawo wa Hajiya ta haɗa mini ƴan kunne ko warwaro na 21 a sa cikin lefe.

Hajiya Rabi: Ka dai rage wa dutsen ka ƙara wa warwaron. Kuma ni cinikin biri a sama ne ba na so. Abokin naka ya san zinariya, ko takalma yake sarowa? Ka ce mishi a rasit a raba mishi kuɗin dutse daban, nauyin zinariya daban, kuɗin aiki daban. In suka haɗe su a dunƙule, a nan ake cin mutum. Kuɗin aikin kuma ana tayawa, kada ya ji kunya.

Isuhu: Ka turo mini bidiyon ta waya in ya samu, in duba inuwar tsakiyar tare da kai. Ya ɗauko duwatsu biyu ko uku a jere, da kwatanci ake gane mai kyau. Bayan an kawo kuma ta riƙa cire shi in za ta shafa mai ko ta murza kwaɓi, daimon yana kama maiƙo, ga ƙurar hunturu, nan da nan zai dushe. Ruwan ɗumi da ɗan sabulu da buroshin haƙori mai laushi sun isa.

Lawali maƙeri: Saura awon yatsa, don kada a kawo daga Dubai ya ƙi shiga. Kada ka yi da zare, zare yana miƙewa. Ƙanwarka ta zo da ita rumfata a Zango in gwada mata da zobban awo, ko ta aro wani zoben da take sawa a wannan yatsan in zura shi a sanda. Mu lambar Faransa muke bi, wato kewayen yatsa a milimita, 52, 54, haka. Dubai wasu kantunan lambar Amurka suke yi, don haka zan rubuta maka faɗin cikin zoben a milimita, wannan ba ya ruɗa kowa. Su zo da yamma, ba da sanyin safiya ba, lokacin yatsa ya saki. Kuma ka ce a bar bayan zoben sumul ba ƙananan duwatsu zagaye, don in ta yi jiki bayan haihuwa in samu inda zan yanka in ƙara.

Ɗan Magarya: Baba Lawali, na azurfa na maza nawa kake yi? Ba don aure ba, tambaya ce kawai.

Lawali maƙeri: Ka zo da kanka, ban yin ciniki a taro.